Naƙasassu Da Matsalar Gidan Haya A Abuja

Duk wanda ya fito daga tsakiyar Abuja ya kama hanyar filin jirgin sama, da ya wuce Ƙofar Birni kaɗan zai iske wata unguwa a gefen titi, ba nisa da maƙabartar sojoji ta ƙasa, wadda ake kira Karmajiji. A wani sashe na wannan unguwa akwai ɗaruruwan mutane, guragu da makafi da kurame da kutare, tare da matansu da 'ya'yansu, yawancinsu 'yan asalin jihohin Arewa. Suna da sarkinsu da masu unguwanninsu, kamar yadda aka saba tun kaka da kakanni a biranen Kano da Katsina da Zazzau, inda Sarkin Makafi da Sarkin Guragu ke da matsayi sananne.

An tsugunar da su a nan ne zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake Ministan Birnin Tarayya, watau tsakanin 2003 da 2007, lokacin da hukuma ta tashi haiƙan don kawar da bara daga titunan birnin. A wannan zamanin ne kuma aka keɓe wa masu fama da kuturta ƙauyen Alheri a Yangoji, cikin yankin Kwali, a kan hanyar Lokoja.

Ɗakunan Karmajiji ƙanana ne, galibi na laka da kwano, lunguna kuwa matsattsu ne masu kwazazzabai. Idan damina ta sauka, mai keken guragu sai ya sami mai turawa, wanda yake jan jiki kuwa sai ya ratsa taɓo da hannuwansa kafin ya kai bakin titi. Ƙungiyoyin agaji da masu hannu da shuni sukan kai buhunan shinkafa da tufafi, musamman da azumi da lokacin salla. To, amma shinkafa takan ƙare cikin mako guda, rufin ɗaki kuwa yana nan yana yoyo.

Yadda Haya Take A Birnin

Idan ba a manta ba, ran 3 ga watan Fabrairu na 1976 ne gwamnatin marigayi Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar da ta ƙirƙiro Abuja, da nufin ta zama gidan kowane ɗan Nijeriya ba tare da bambanci ba. Ran 12 ga watan Disamba na 1991 kuma Janar Ibrahim Babangida ya tare a cikinta. Tun daga lokacin jama'a ke kwarara, gidaje kuwa ba su wadata ba, har ya zama ƙaramin ma'aikaci mai cikakkiyar lafiya ma sai ya koma Nyanya ko Kubwa, ko ya tsallaka Mararaba ta Jihar Nasarawa ko Suleja ta Jihar Neja, kafin ya sami ɗakin da zai iya biya.

Al'adar masu gidaje ita ce su karɓi kuɗin shekara guda gaba ɗaya, wasu ma na shekara biyu, sa'an nan ga la'adar dillali da kuɗin lauya. A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya gabatar wa Majalisar Dattawa ƙudurin da zai sa a riƙa biyan haya wata wata a Abuja, amma har majalisar ta kammala wa'adinta a 2023 bai zama doka ba. Mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a watan Yuli na 2024 Naira 70,000 ne a wata, watau Naira 840,000 a shekara idan mutum bai ci bai sha ba. Ina kuma ga gurgun da ke gyaran takalmi a bakin kasuwa, ko makauniyar da ke saƙa, waɗanda abin da suka samu yau shi za su ci yau?

Bayan tsada akwai wata wahalar da mai lafiya bai cika lura da ita ba. Ɗaki mai rahusa yakan kasance a saman bene, ko ƙofarsa ta yi wa keke kaɗan, ko makewayinsa yana can bayan gida da dakali a bakinsa. Ga kuma nisa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya ninka, direbobi da yawa kuwa ba sa son tsayawa su naɗe keken gurgu su sa a bayan mota. Saboda haka wanda ya sami ɗaki a bayan gari ya rasa hanyar zuwa wurin sana'arsa, wanda kuma ya tsaya kusa da sana'arsa ya kwana ƙarƙashin gada.

Abin Da Doka Ta Tanada

Ba za a ce babu doka ba. A watan Janairu na 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta yanke tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna musu bambanci, da tarar Naira miliyan ɗaya ga kamfani. Ta keɓe musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda za su shiga ba wahala, wa'adin kuwa ya cika a watan Janairu na 2024. Har ila yau ta ce duk inda gwamnati ko makaranta ko ma'aikata za ta ba da masauki, su za a fara dubawa. A 2020 aka kafa Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa don ta tabbatar da aiki da dokar. Tun 2010 ma Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya wadda ta ce naƙasasshe yana da haƙƙin ya zaɓi inda zai zauna a cikin jama'a.

Inda gizo ke saƙa shi ne, gidajen da Gwamnatin Tarayya take ginawa galibi na sayarwa ne. Haka shirin gidaje masu sauƙin kuɗi na Alhaji Shehu Shagari ya kasance tsakanin 1979 da 1983, haka rukunin Gwarinpa na zamanin Janar Sani Abacha, haka kuma gidaje 3,112 da Shugaba Bola Tinubu ya aza harsashinsu a Karsana cikin watan Fabrairu na 2024. Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992 yana ba da lamuni ne ga wanda yake zuba kashi biyu da rabi cikin 100 na abin da yake samu a wata, ya kuma nuna zai iya biya shekara da shekaru. Idan aka ce za a fara duba naƙasasshe a layin sayen gidan miliyoyi, alhali aljihunsa babu kuɗin ajiya, to an ba shi fifikon da ba zai amfane shi da komai ba.

Shi ya sa matsalar take juyawa wuri guda. A watan Oktoba na 2024 Ministan Birnin Tarayya, Nyesom Wike, ya sake ba mabarata wa'adi su bar titunan Abuja, aka kama wasu, aka kai wasu cibiyar koyar da sana'a ta Kuchiko a yankin Bwari. Koyon sana'a abu ne mai kyau. Amma wanda ya koyi ɗinki ya fito ba shi da ɗakin da zai ajiye kekensa, titin da aka ɗauko shi nan zai koma.

Yadda Wasu Suka Yi

A ƙasar Amurka, tun 1990 akwai wani shiri da ake kira Sashe na 811, na gidajen haya ga manyan naƙasassu masu ƙaramin ƙarfi. Tsarinsa ba shi da wuyar fahimta. Ɗan haya yakan biya kimanin kashi 30 cikin 100 na abin da yake samu, gwamnati ta cika wa mai gida sauran. Ban da ɗaki, akwai masu kula da ke taimaka masa wajen zuwa asibiti da neman aiki da hidimar yau da kullum, idan yana so. A 2010 aka yi wa shirin gyara, aka ƙarfafa cewa ɗakunan su kasance cikin gidajen da sauran jama'a ke haya, kada kuma su wuce kashi 25 cikin 100 na gini guda, don gudun a mai da wurin sansani. Can ma gidajen ba su isa ba, mutane kan daɗe a layi suna jira.

Ba lalle ne Nijeriya ta kwaikwayi komai ba, amma abubuwa uku sun cancanci a duba. Na farko, a ɗaura haya a kan ƙarfin mutum: mai samun Naira 30,000 a wata ya biya 9,000, kuma wata wata. Na biyu, ɗakin ya zo da taimako, watau gangara maimakon matakala, da makewayin da keke zai shiga, da jami'in jin daɗin jama'a mai zagayawa. Na uku, ya kasance cikin gari kusa da kasuwa da asibiti da makaranta, tsakanin maƙwabta masu lafiya.

Abuja ta fi kowace jiha damar yin haka, domin filayenta duka suna hannun Gwamnatin Tarayya, Minista ne kuma mai rabawa. Babu abin da zai hana a gindaya wa duk kamfanin da aka ba fili don gina rukunin gidaje sharaɗin ya ware 'yan ɗakuna a hawan ƙasa don wannan haya. Kuɗin cikon kuwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Jihohin Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da waƙafi, gida kuma yana daga cikin abubuwan da Musulmi suka saba bayarwa waƙafi tun zamanin da. Attajiri guda zai iya tsayar da ɗakuna goma su zama sadaka mai gudana, majami'u ma suna da irin nasu hanyoyin.

Kafin a zana taswirar ko da ɗaki guda, wajibi ne a zauna da sarakunan Karmajiji da Yangoji da ƙungiyoyin naƙasassu a ji ta bakinsu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya kamata kuma a fara da inda suke zaune yanzu, a ba su takardun mallaka don hankalinsu ya kwanta, a gyara lungunan, a ja musu ruwan famfo. Yaran da aka haifa a Karmajiji shekarar da aka tsugunar da iyayensu yau sun isa aure, su ma ga shi sun fara neman ɗaki. Allah ya sa hukuma ta duba.