Halartar Hankali da Tausayi a Koyarwar Buddha: Darasi Daga Biyetnam

Gabatarwa

A wannan zamani, asibitoci da makarantu da kamfanoni a Amurka da Turai sun rungumi tsarin halartar da hankali wanda ya samo asali daga addinin Buddha, suna amfani da shi wajen rage damuwa da gajiyar aiki. Wannan ya yaɗu ne musamman bayan da Jon Kabat-Zinn ya kafa shirinsa a makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Massachusetts a 1979. Sai dai a asalin koyarwar, halartar hankali tana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da tausayi. Wannan maƙala ta yi bayanin dangantakar da ke tsakanin su biyun, tare da kafa hujja da abin da ya faru a Biyetnam a lokacin yaƙi.

Ma'anar Sati da Karuna

Siddhartha Gautama, wanda ake yi wa laƙabi da Buddha, ya yi wa'azinsa a arewacin Indiya fiye da shekara 2,400 da suka wuce. A harshen Pali, wanda aka adana tsofaffin nassoshin addinin da shi, kalmar da ake nufin halartar hankali da ita ita ce sati, kuma tushenta yana da ma'anar tunawa. Abin nufi shi ne mutum ya riƙa tuna inda yake da abin da yake yi, kada jikinsa ya kasance a nan hankalinsa yana can. Nassin Satipatthana ya kawo abubuwa huɗu da ake lura da su: jiki, musamman numfashi, abin da ake ji na daɗi ko na zafi, halin da zuciya take ciki, da al'amuran da ke kai da komo cikin tunani.

Sati ita ce ta bakwai cikin rassa takwas na tafarkin Buddha. Daga cikin sauran rassan akwai kyakkyawar magana da kyakkyawan aiki da tsabtatacciyar sana'a. Nassoshin sun hana mabiyi fataucin abubuwa biyar: makamai da bayi da nama da kayan maye da guba. Ke nan tun farko an ɗaure natsuwar zuciya da yadda mutum yake neman abinci da yadda yake zama da jama'a.

Karuna kuwa ita ce tausayi, ɗaya daga cikin halaye huɗu da ake horar da zuciya a kansu. Sauran su ne fatan alheri ga kowa, da taya wani murnar samunsa ba tare da hassada ba, da daidaiton zuciya a daɗi da wuya. Malam Buddhaghosa, wanda ya yi rubutu a Siri Lanka a ƙarni na 5, ya tsara yadda ake koyon fatan alheri mataki-mataki: mutum ya fara da kansa, sai masoyinsa, sai wanda babu ruwansa da shi, daga ƙarshe ya kai ga maƙiyinsa.

Hikimar haɗa biyun a fili take. Wanda ya lura da fushinsa tun yana tasowa yakan sami ɗan sarari kafin harshensa ko hannunsa ya motsa. A cikin wannan sarari ne yake iya ganin cewa wanda ya ɓata masa rai shi ma yana ɗauke da nasa ƙunci.

Misalin Biyetnam

Thich Nhat Hanh, wanda aka haifa a 1926, ya shiga rayuwar zuhudu yana ɗan shekara 16. Da yaƙi ya yi tsanani, masu zuhudu suka fuskanci tambaya mai nauyi: su ci gaba da zaman tunani a gidajen ibada, ko su fita su taimaki ƙauyukan da bama-bamai suka rusa? Amsarsa ita ce a haɗa duka biyun. A tsakiyar shekarun 1960 ya kafa Makarantar Matasa Masu Hidimar Jama'a a Saigon, wadda ta tura dubban matasa karkara suna gina makarantu da ɗakunan shan magani, suna sake tayar da gidajen da aka ƙone.

Matasan sun ƙi goyon bayan kowane ɓangare, saboda haka kowane ɓangare ya zarge su, har aka kashe wasu daga cikinsu. Nhat Hanh ya tafi Amurka a 1966 yana kiran a tsagaita wuta, inda ya gana da Martin Luther King, wanda ya gabatar da sunansa don lambar yabo ta Nobel a 1967. Wannan kira ya jawo masa gudun hijira na shekara 39, bai sake taka ƙasarsa ba sai 2005.

Daga hijira ya rubuta wa ma'aikatan makarantar doguwar wasiƙa, wadda ta zama littafi a 1975. A ciki ya hore su da su halartar da hankali a ƙananan ayyuka kamar wanke kwano da shan shayi da tafiya. Dalilinsa shi ne, mai hidimar jama'a da ya bari fushi ya cinye shi zai zama wani sabon ɓangare na rikicin. Ya kuma koyar da cewa rayuwar kowa a sarƙe take da ta saura, wato dai abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Kammalawa

Nhat Hanh ya kafa cibiyar Plum Village a kudancin Faransa a 1982, ya kuma rasu a Hue ranar 22 ga Janairu, 2022, yana da shekara 95. Tarihinsa ya nuna cewa sati da aka raba da karuna takan tsaya ne a kan sauƙaƙa wa mutum ɗaya damuwarsa, ta bar musabbabin damuwar yadda yake. Ma'aikacin da aka koya wa numfashi cikin natsuwa alhali ana tauye masa haƙƙi ya sami rabin koyarwar ne kawai. Cikonta shi ne wanda ke tauye haƙƙin shi ma ya zauna ya lura, har ya ga ƙuncin da yake jawowa, ya kuma janye hannunsa.