Bari Ya Ƙarasa da Bakinsa

Yau zancen in'ina za mu yi, kuma daga tsakar gida za mu faro.

Bayan sallar magariba ne, an kewaye kwanon tuwo. Yaro ɗan shekara shida yana so ya ba babansa labarin makaranta. Ya ce "Ba... Ba...", sai kalmar ta maƙale, leɓensa yana rawa. Yayansa ya tuntsire da dariya, inna ta ce, "Kai, nutsu ka yi magana mana!" Baba kuwa, don tausayi, ya ƙarasa masa. Yaron ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da cin tuwonsa. Babu mai nufinsa da sharri, amma gobe da wuya ya sake ɗauko wani labari.

Tarbiyyar iyaye ba ta haifar da in'ina. Takan fara ne tsakanin shekara 2 zuwa 5, kuma tana bin jini. A 2010 masu bincike sun gano wasu ƙwayoyin gado masu alaƙa da ita a iyalan Pakistan, daga baya aka sami wata a cikin wani babban dangi a Kamaru. Yawancin yara sukan rabu da ita, amma kusan mutum 1 cikin 100 yakan girma da ita, maza sun fi yawa. Abin da gida ke iya dasawa shi ne tsoro, tsoron nan kuwa yana ƙara ɗaure harshe. Mukan ce mai in'ina yana da saurin fushi. To, wa za a katse wa magana sau goma a yini bai hasala ba?

Ku lura da yaron nan a makarantar allo. In ana karatu baki ɗaya, sau da yawa harshensa sumul yake tafiya. Murya na nan, hankali na nan.

Sarkin Ingila George na Shida ma ya yi fama da in'ina: ya sha wuyar jawabi a Wembley a 1925, tun yana yarima. Bayan ya fara zuwa wurin Lionel Logue, mai gyaran magana, a 1926, matarsa Elizabeth takan raka shi, takan kuma taya shi atisaye. Mu ma a Alƙur'ani mun karanta cewa Annabi Musa, alaihissalam, da ya roƙi Allah Ya warware masa ƙullin harshe, ya haɗa da roƙon a ƙarfafa shi da ɗan'uwansa Haruna.

Na san wata uwa da ta kafa doka a gidanta: in autanta ya fara magana, kowa ya ajiye cokali, a dube shi, a jira. Har yau yana in'ina. Shi ne kuma ke amsa sallamar baƙi a zaure, shi ake aika kasuwa cinikin kayan miya.