Wa ke magana da jiragen da ke wucewa ta kanmu?

Wata Laraba da hantsi muna tsakiyar darasin lissafi a ajin CM2, a wani ƙauye da ke arewacin Damagaram inda nake koyarwa, sai wani yaro ya ɗaga hannu. Ajin namu rumfar zana ce, don haka sama a buɗe take ta gefe guda. Ya nuna wani jirgi can ƙololuwa yana jan farin zare a bayansa, ya ce, "Mushe, wancan wa ke nuna mishi hanya?" Na ce akwai ma'aikata a Yamai da ke magana da matuƙin. Ya ce, "To Mushe, mu nan sai mun hau tudu muke samun rezo, shi ta ina yake samu?" Ban da amsa. Na ce ya zauna mu gama lissafi tukuna, dabarar da kowane malami ya sani.

Da hutu ya zo na je Yamai, na nemi wani abokina da muka yi makarantar sakandare tare. Ni na wuce makarantar horon malamai, shi kuma ya zama mai kula da zirga-zirgar jiragen sama. Muka zauna kan shayi har dare ya raba, daga baya na bi abin da ya faɗa mini da karatu.

Rediyon da matuƙa suka saba amfani da shi, wanda ake kira VHF, muryarsa tas take, amma a miƙe take tafiya kamar hasken tocila. Jirgin da ke sama da mita 10,000 yana iya jin tashar ƙasa daga nisan kilomita 350 zuwa 400, daga nan doron duniya ya tare shi. A Turai wannan ba damuwa ba ce, ko'ina akwai eriya. Nijar kuwa faɗinta kilomita murabba'i 1,267,000 ne, mafi yawa hamada, kuma sararin da cibiyar Yamai ke kula da shi ya haɗa har da sassan Mali da Burkina Faso. An kafa tashoshi masu miƙa murya a wasu garuruwa, amma kowace tana son wuta da mai gyara da mai gadi.

Inda VHF ya gaza sai a koma ga gajeren zango, HF, irin wanda iyayenmu ke kama tashoshin ƙetare da shi da asuba. Duk wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyo yana neman Sashen Hausa cikin shuuu da ƙara ya san halinsa: yanzu murya ta fito, an jima ta nutse, ta rana daban, ta dare daban. To a cikin wannan hayaniya ne mutum zai gaya wa matuƙin da ke ɗauke da rai 300 lambar tsayin da zai hau, cikin Turancin da ba harshen uwar ko ɗayansu ba ne. Jirgin kuma yana cin kusan kilomita 15 a minti ɗaya. Idan biyu ne suka fuskanci juna, 30 ke nan.

Ranar 19 ga Satumba 1989 jirgin kamfanin UTA da ya taso daga Injamena zai tafi Paris ya tarwatse a saman Tenere saboda bam, mutum 170 suka rasu. Ba rediyo ne ya kashe su ba, amma sai washegari aka gano inda tarkacen yake. Na biyun ya fi taɓa ni don ban taɓa jin labarinsa ba. Ranar 13 ga Satumba 1997 wani jirgin sojan Jamus da ya sha mai a nan Yamai ya nufi Windhoek ya yi karo da jirgin sojan Amurka a saman teku kusa da gaɓar Namibiya. Mutum 33, babu wanda ya tsira. Bincike ya nuna na Jamus yana tafiya a tsayin da bai dace da alƙiblarsa ba, ba shi da na'urar gargaɗin karo, kuma labarin zuwansa bai bi cibiyoyin ƙasa ya isa inda ya kamata ba. Saboda irin wannan rashin tabbas ne matuƙa da ke ratsa wasu sassan Afirka suka daɗe suna da wata mita tasu, 126.9, inda kowa ke shelanta sunansa da tsayinsa da inda ya nufa, don na kusa da shi ya ji. Kamar direbobin Agadas zuwa Dirku ne da ke ba juna labarin hanya.

Sabon tsarin, wanda ake taƙaita sunansa da CPDLC, saƙon rubutu ne tsakanin kwamfutar jirgi da ta mai kula. Kafin jirgi ya shigo sararin wata cibiya, matuƙi zai buga adireshinta mai harufa huɗu, na Yamai DRRR ne. Kwamfutar ƙasa za ta gwada lambar jirgin da takardar shirin tafiyarsa da aka aiko tun kafin ya tashi. Idan sun dace, layi ya buɗe. Daga nan umarni yana fitowa a rubuce a gaban matuƙi: hau tsayi kaza, bi ta wuri kaza, koma mita kaza. Yawancin jimlolin a shirye suke, lamba kawai ake cikawa. Amsoshin ma ƙayyadaddu ne, ya danna na ji zan yi, ko ba zan iya ba, ko dakata. Saƙon yana bi ta tauraron ɗan adam idan babu eriya a ƙasa, saboda haka hamada da teku duk ɗaya ne a wurinsa.

Ni malami ban sha wahalar gane amfanin wannan ba. Idan na yi wa yara 60 dikte da baki, na ce goma sha uku, na baya sai su rubuta talatin, balle idan iska na kaɗa zana ko jaki na kuka. Idan na rubuta a allo, kuskure ya ragu, kuma wanda ya manta zai ɗaga kai ya sake dubawa. A wasu jiragen ma ba sai matuƙi ya sake kwafa da hannu ba, yana loda sabuwar hanyar kai tsaye cikin kwamfutar tuƙi.

Yana da abokin tafiya, ADS-C. Shi wannan babu ruwansa da matuƙi: jirgin ne da kansa ke aiko da inda yake da tsayinsa da wurin da zai isa nan gaba, bayan kowane ɗan lokaci da aka ƙayyade, kuma ya yi ƙara idan ya kauce. Mai kula da ke zaune a Yamai yana ganin alamar jirgin a allonsa a wurin da babu radar ko ɗaya. Daga 2019 kuma an samu wani tsarin da taurarin Iridium 66 ke sauraron siginar da jirage ke watsawa, hukumar ASECNA na cikin masu amfani da shi.

Abin ba sabo ba ne a duniya. Hukumar jiragen sama ta duniya ta kafa kwamitin nazarinsa a 1983, aka fara aiki da shi a tekun Pasifik a 1995. Tun 2020 Tarayyar Turai ta wajabta shi ga yawancin jiragen da ke tashi sama da ƙafa 28,500. A yankinmu cibiyoyin Yamai da Injamena da Dakar duk suna da shi.

Abokina bai bar ni na tafi da murna zalla ba. Ya ce, "Malam, karanta labarin Air France 447." Daren 31 ga Mayu 2009 jirgin ya taso daga Rio zai je Paris da mutum 228. Rahoton masu binciken Faransa ya ce sau uku matuƙan suka nemi haɗuwa da kwamfutar Dakar, sau uku tana ƙi, domin takardar shirin tafiyar jirgin ba ta cikinta. Jirgin ya faɗa tekun Atlantika saboda wasu dalilai daban, haɗuwar ba za ta hana shi faɗuwa ba. Amma da layin ya buɗe, da an san wurin da minti. Sai aka shafe sa'o'i cibiyoyi na tambayar juna ko wani ya ji shi, kuma babban tarkacen sai a Afrilun 2011 aka same shi, a zurfin kusan mita 3,900. Na'urar jirgi lafiya lau, tauraro lafiya lau, takarda ɗaya ce ba ta shiga inda ya kamata ba. Wallahi na tuna wata shekara da ɗalibata ta kusa rasa jarrabawa don an rubuta sunanta da harafi ɗaya daban a jerin da aka aika, na yi kwana uku ina zarya a kan babur.

Akwai kuma abin da rubutu ke ɗaukewa. A rediyo kowa na jin kowa. Matuƙi yana jin an ba wani tsayin da shi yake kai, sai ya yi magana. Saƙon rubutu kuwa tsakanin mutum biyu ne. Na san wannan a aji: idan na gyara wa yaro kuskure da baki, aji duka ya ƙaru, idan na rubuta da jan biki a cikin kayensa, shi kaɗai ya gani, in ma ya duba. Sannan rubutu yana da jinkiri, sai an karanta, a tabbatar da abokin tuƙi, a danna. Shi ya sa wajen tashi da sauka da duk abin gaggawa har gobe murya ce. Hatsarin Tenerife na 1977, inda mutum 583 suka mutu bayan muryoyi biyu sun hau kan juna a rediyo, a kan titin tashi ya faru, wurin da wannan tsarin ba ya ba da izinin tashi. Kuma ba kowane jirgi ke da kayan ba. Tsofaffi da ƙanana da yawa da ke yawo tsakanin biranenmu da murya suke aiki, don haka mai kula ɗaya yana riƙe da hanya biyu a lokaci guda, ido a allo, kunne a rediyo. A ganina wannan aikin ya fi na da neman nutsuwa.

Masu wannan aiki a Yamai ake horar da su. Makarantar EAMAC ta ASECNA tana nan tun 1963, ɗalibai na zuwa daga Senegal, Kamaru, Chadi, Madagaska da sauransu. Da gasar jarrabawa ake shiga, ana son lissafi da kimiyya da Turanci mai kyau. Na yi shekaru ina wucewa Yamai ban san da ita ba, kuma a makarantar horon malamai babu wanda ya taɓa ambata mana ita a cikin wuraren da za mu iya nuna wa yara.

Da aka koma karatu na zana wa yaran tauraro da jirgi da hasumiya a allo, na ba yaron nan amsarsa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya ko ɗan ƙauye na iya shiga waccan makaranta. Na ce ƙwarai, idan ya wuce koleji da lise ya riƙe lissafi. Kolejin da ya fi kusa da mu tafiyar awa biyu ce a ƙasa, kuma babansa ya riga ya gaya mini bana yana son ya bi shi kiwo.