Duhun Kwana Goma: Wa Ya Kashe Wutar Arewa?

Da asubahin ranar Litinin, 21 ga Oktoba, 2024, aka ɗauke wuta a Kano. Babu wanda ya damu. Mutumin da ya saba a ɗauke masa wuta sau biyar a wuni ba zai tayar da hankalinsa don fanka ta tsaya ba. Sai da aka kwana biyu, aka shiga na uku, 'yan uwa suka fara kiran juna daga Kaduna da Katsina da Dutse da Bauchi da Gombe da Jos, kowa na tambaya, "Ku ma babu?" Sannan aka gane cewa wannan ba irin wadda aka saba ba ce.

A kwanakin, babu mai kasuwa kamar mai cajin waya. Ga shi zaune a rumfarsa, gabansa allon katako cike da soket, ɗan janaretonsa na kuka a bayan kwano, yana manna wa kowace waya lamba yana miƙa wa mai ita katin shaida. Da soket ya cika, sai mutum ya tsaya jiran wani ya zo ya ɗauki tasa. Shi ma mai cajin ba dariya yake ba, domin a wannan watan ne litar fetur ta haye naira dubu. Rijiyoyin burtsatse suka tsaya, 'yan garuwa suka ƙara wa jarka kuɗi, wani lokacin ma ka tare mai kura ya ce maka ruwan na wani ne. Ƙanƙara ta zama gwal. Matan da ke sana'ar zoɓo da kunun aya a cikin gida suka kife robobinsu. Masu walda suka koma zaman majalisa tun da hantsi, masu injin niƙa da na gyaran shinkafa kuwa suka shiga lissafin kuɗin man dizal.

Abin da ya faru ba wani ɓoyayyen abu ba ne, ko da yake surutu ya kusa danne shi. Mafi yawan wutar Najeriya a Kudu ake samar da ita, a tashoshin da ke amfani da iskar gas, sauran kuma daga madatsun ruwa na Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru. Ban da ɓangaren Kebbi da Sakkwato da ke da nasu layin daga Kainji, manyan hanyoyi biyu ne ke kawo wa sauran Arewa wuta. Ɗaya ta taso daga Shiroro zuwa tashar Mando a Kaduna, daga nan ta wuce Kumbotso a Kano. Ɗayar ta taso daga Ugwuaji kusa da Inugu, ta bi ta Apir a Makurɗi, ta haura Jos. Tun kafin wannan Litinin ɗin an lalata turakun layin Shiroro a cikin dajin da 'yan bindiga suka mamaye, kuma hukumar TCN, mai kula da manyan layukan, ta ce injiniyoyinta ba za su iya shiga ba sai da rakiyar jami'an tsaro. Wato Arewa ta riga ta koma tafiya da ƙafa ɗaya. Da layin Ugwuaji ya katse a wani surƙuƙin daji a yankin Igumale na jihar Binuwai, sai ta zauna.

Tun kafin injiniyoyi su gano inda waya ta tsinke, 'yan siyasa sun riga sun gano mai laifi.

Jagororin adawa, su Atiku Abubakar da Rabi'u Musa Kwankwaso da Peter Obi, kowa ya fitar da bayani yana kokawa da halin da aka shiga. A gidajen rediyon Kano kuwa sojojin baka suka samu abin yi. Wanda ke ɓangaren adawa ya ce da a Legas ne aka yi wannan duhun, da ba za a kwana uku ba, kuma me ake jira daga gwamnatin da shugaban ƙasa da ministan wutarta duk 'yan Kudu maso Yamma ne? Na ɓangaren gwamnati ya karɓe makirufo ya ce ai shekara 16 PDP ta yi tana mulki, ita ta yi gwanjon kamfanonin wuta, yanzu kuma ta dawo tana kukan mutuwar da ita ta yi kisan. Ranar 28 ga wata, bayan mako guda cur, Shugaba Bola Tinubu ya kira ministan wuta Adebayo Adelabu da mai ba shi shawara kan tsaro Nuhu Ribadu, ya umarci a ba masu gyara kariya. A wannan ranar ce kuma gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna ƙarƙashin jagorancin Gwamna Inuwa Yahaya na Gombe, suka yi maganar duhun, suka haɗa da ƙin amincewa da sabon tsarin rabon harajin VAT. Washegari maganar harajin ce ta fi cika jaridu.

Kowane ɓangare yana da 'yar gaskiyarsa, abin da ya sa rigimar ba ta ƙarewa ke nan. Gaskiya ne cewa mako guda ya yi yawa kafin fadar shugaban ƙasa ta motsa. Gaskiya ne kuma cewa a zamanin PDP aka rusa hukumar wuta ta NEPA. Dokar gyaran harkar wuta ta 2005, a mulkin Olusegun Obasanjo, ita ta maye gurbin hukumar da PHCN, aka tsaga ta gida 18: kamfanonin samar da wuta shida, na rarrabawa 11, da TCN guda ɗaya. Ranar 1 ga Nuwamba, 2013, a mulkin Goodluck Jonathan, aka damƙa mafi yawan kamfanonin samarwa da na rarrabawa ga 'yan kasuwa a kan kuɗi kimanin dala biliyan biyu da rabi. Da yawa daga cikin masu sayen rancen banki suka ci, suka wayi gari ba su da abin da za su sayi tiransifoma da mita. A 2022 bankuna suka karɓe ragamar wasu daga cikinsu saboda bashi, har da na Kano da na Kaduna.

Amma ga inda hujjar magoya bayan gwamnati ta yi rauni: ba a taɓa sayar da TCN ba. Layukan biyu da suka jefa Arewa a duhu mallakar gwamnatin tarayya ne ɗari bisa ɗari, kuma a lokacin APC ta shekara tara tana riƙe da su. Hujjar masu cewa maƙarƙashiyar 'yan Kudu ce ita ma ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Shekara takwas Muhammadu Buhari ya yi a kan mulki, kuma a zangonsa na biyu ministocin wutarsa 'yan Arewa ne, Saleh Mamman daga Taraba da Abubakar Aliyu daga Yobe. Matsalar tsaron Shiroro ma ba jiya ta fara ba. Tun a watan Afrilun 2021 gwamnan Neja na lokacin, Abubakar Sani Bello, ya fito ya ce 'yan Boko Haram sun kafa tuta a Kaure, cikin ƙaramar hukumar da ke ɗauke da tashar Shiroro mai megawat 600. A farkon 2021 ɗin kuma aka tarwatsa turakun layin Damaturu zuwa Maiduguri, birnin ya shafe watanni masu yawa babu wuta. An ga hayaƙin tun da daɗewa.

Wanda ya bi tarihin wannan nuna yatsa zai ga cewa tsohuwar sana'a ce. Mafi shahara a ciki ita ce maganar dala biliyan 16 da aka ce gwamnatin Obasanjo ta kashe a kan wuta. A 2008 Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Ndudi Elumelu, aka yi ta zaman jin bahasi a gaban talabijin, kuma a lokacin PDP ce ke binciken PDP. Bayan shekara goma, a watan Mayun 2018, ana dab da kakar zaɓe, Buhari ya tono maganar, ya tambaya ina wutar take. Obasanjo ya mayar da martani cewa a shirye yake a bincike shi. Zaɓe ya wuce, maganar ta koma ta kwanta. Shi ma Babatunde Fashola, da ya zama ministan wuta a 2015, ya sha fama da wata magana da ake jingina masa tun yana adawa, wai gwamnati mai himma za ta gyara wuta cikin wata shida. Ya musanta cewa ya faɗa, amma duk lokacin da babban layi ya faɗi sai an tuna masa. Tinubu kuwa da bakinsa ya ce a lokacin yaƙin neman zaɓe, idan bai samar da wuta ba kada a sake zaɓensa. Faifan bidiyon ya yi yawo sosai a wayoyin da aka biya kuɗi aka yi wa caji.

Abin da ke ƙara dagula lissafin shi ne sauya sheƙa. Mai neman ya raba masu laifi gida biyu, nan PDP can APC, zai sha wuya. Atiku da ke sukar gwamnati shi ne ya shugabanci majalisar sayar da kadarorin gwamnati yana mataimakin Obasanjo, daga baya ya shiga APC, ya sake fita. Nasir El-Rufa'i ya riƙe hukumar BPE mai gudanar da cinikin daga 1999 zuwa 2003, sannan ya yi gwamnan Kaduna shekara takwas a APC. Kwankwaso ya yi PDP, ya yi APC, ya koma PDP, ya tafi NNPP. Ministan wuta na farko a jamhuriya ta huɗu ma, Bola Ige, ɗan jam'iyyar AD ne da aka ɗauko daga adawa. Laifi tudu ne, in ji masu magana, amma a wannan harkar kusan kowa ya taɓa hawa tudun maƙwabcinsa ya sauko.

Tambayar da aka fi gudu ita ce me ya sa Arewa ba ta da wutar da take samarwa kusa da gida. A nan ne ake cin karo da Mambilla. An daɗe ana gafara sa a kan wannan aiki na jihar Taraba, ba a ga ƙaho ba. A 2003 ministan Obasanjo, Olu Agunloye, ya ba kamfanin Sunrise takardar kwangila, Obasanjo kuma ya ce bai ba shi izini ba. A 2017 gwamnatin Buhari ta amince da sabuwar kwangila ta dala biliyan 5.8 da kamfanonin Sin, don samar da megawat 3,050. Sunrise ya garzaya kotun sasanta rikicin kasuwanci a birnin Paris. A watan Janairun 2025, Obasanjo da Buhari, mutanen nan biyu da suka yi ta musayar yawu a kan dala biliyan 16, duka suka je Paris suka ba da shaida a ɓangare ɗaya, suna kare Najeriya. Ko megawat ɗaya bai fito daga Mambilla ba.

Ƙananan ayyukan ma haka suke tafiyar hawainiya. Tashar Kudenda a Kaduna mai megawat 215, tun 2009 aka ba da kwangilarta. Injinan iska na Lambar Rimi a Katsina, masu megawat 10, tun zamanin Umaru Musa 'Yar'aduwa aka ƙirƙiro su, kuma aikin ya tsaya cak bayan an sace injiniyan Faransa Francis Collomp a garin Rimi cikin Disambar 2012. Matafiyi daga Kano zuwa Katsina ya sha hango fukafukansu a tsaye. A Kano, aikin samar da wuta daga madatsun Tiga da Chalawa ya fara ne a zangon Kwankwaso na biyu, Abdullahi Ganduje ya gaje shi, kuma tun da mutanen biyu suka raba gari, magoya bayansu ke jayayya a kan wanda ya fara da wanda ya ɓata. Yarjejeniyar da gwamnatin Buhari ta sa wa hannu da kamfanin Siemens na Jamus a 2019 ta yi alƙawarin megawat 25,000 kafin ƙarshen 2025. Abin da ƙasar ke iya rabawa mutum sama da miliyan 200 har yanzu yana yawo ne tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000 a mafi yawan kwanaki.

Gwamnonin da suka taru a Kaduna su ma akwai abin da ba su cika son a tuna musu ba. A da, suna iya cewa wuta ba huruminsu ba ce, tsarin mulki ya ɗaure musu hannu. Wannan uzurin ya ƙare a 2023: Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki a watan Maris, Tinubu kuma ya sa hannu a sabuwar dokar lantarki a watan Yuni, kowace jiha ta samu damar samar da wutarta, ta raba, ta kafa hukumar da za ta sa ido. Jihohin da suka yi saurin karɓar wannan dama, irin su Inugu da Ekiti da Ondo, ba a Arewa suke ba. Yankin da rana ta fi ko'ina zafi ya wayi gari a watan Oktoba yana jiran a ɗaura waya a dajin Binuwai.

Talaka mai biyan bil kuwa, da wuya ya san ƙofar da zai buga. Idan ya je ofishin kamfanin rarrabawa, za a ce masa TCN ce ba ta turo ba. TCN za ta ce ɓarayi da 'yan bindiga ne, ko kuma tashoshi ne ba su samar ba. Masu tashoshi za su ce ana riƙe musu bashin tiriliyoyin naira, ba su da abin biyan masu gas. Sarƙar ta yi tsawon da kowa zai iya tsayawa a kan gaɓarsa ya nuna ta gaba, kuma bai yi ƙarya ba. Shi ya sa har gobe, shekara kusan 20 bayan an binne hukumar, sunan da ake tsine wa a lungu shi ne NEPA.

Da yammacin Laraba, 30 ga Oktoba, TCN ta sanar cewa ta gyara ɗaya daga cikin layukan Ugwuaji zuwa Apir. Wuta ta fara dawowa unguwa-unguwa, ana ba wannan awa biyu a ɗauke a kai wa wancan, domin layin ba zai iya ɗaukar nauyin Arewa shi kaɗai ba, na Shiroro kuwa yana nan a kwance. Yara suka fito titi suna ihun an kawo wuta, mata suka ruga suka kunna firji, 'yan siyasa suka fitar da sabbin bayanai, wasu na yabo, wasu na cewa ihu ne bayan hari. Ranar Talata, 5 ga Nuwamba, babban layin ƙasar baki ɗaya ya faɗi. Aka tayar da shi. Ranar Alhamis ya sake faɗuwa.