Iskar da Ke Karkatar da Haske: Yadda Ake Gano Inda Tauraron Ɗan'adam Yake

A lokacin da mai kallo ya ga gindin rana ya taɓa ƙasa da yamma, a zahiri ta riga ta faɗi. Iskar da ta lulluɓe duniya ce ke lanƙwasa haskenta, ta ɗago ta da kusan rabin digiri, wato kimanin faɗin ita kanta ranar a ido. Masu tsara jadawalin sallar magariba suna saka wannan a lissafinsu. Masu bin sawun taurarin ɗan'adam da kyamara kuwa, da shi suke fama kowane dare.

Haske yana rage gudu idan ya shiga iska, kuma iskar tana ƙara kauri yayin da ake kusantar ƙasa. Saboda haka hasken da ya shigo a karkace yakan lanƙwasa, kamar yadda ludayi ke bayyana a karye cikin ƙwaryar ruwa. Abin da ke tsakar ka, haskensa a miƙe yake saukowa. Wanda ya ɗago digiri 45, ana ganinsa sama da inda yake da kusan minti 1, wato kashi 1 cikin 60 na digiri. A gindin sama kuwa abin ya kai minti 34. Minti guda ba ya cika ido, amma ga tauraron da ke nisan kilomita 1,000 ya kai kuskuren mita 290. Ga irin su NigComSat-1R, da ke can wajen kilomita 36,000, ya kai kilomita 10.

Abin da ya ƙara wa matsalar nauyi shi ne kyamara ba ta auna nisa. Shiyya kawai take nunawa, da lokacin da aka ɗauki hoton. Daga nan lissafi ke fitar da hanyar da tauraron yake bi wajen kewaya duniya, bisa dabarar da ta samo asali daga Carl Friedrich Gauss, wanda ya lissafo hanyar ƙaramar duniyar Ceres a 1801. Idan shiyyar ta goce, duk hasashen inda tauraron zai kasance gobe ya goce.

Tun zamanin Batlamiyus da Ibnul Haisam aka san iska na karkatar da hasken taurari. Amma bayan Tarayyar Sobiyat ta harba Sputnik ran 4 ga Oktoba 1957, sai batun ya zama na gaggawa. Cibiyar Smithsonian ta Amurka ta girke manyan kyamarori 12 masu suna Baker-Nunn a sassan duniya, ɗaya a Afirka ta Kudu. Dabararsu mai kyau ce ƙwarai: a ɗauki tauraron ɗan'adam tare da taurarin Allah da ke bayansa, waɗanda aka riga aka san mazauninsu, a auna shi da su. Tunda iska ɗaya hasken duka ya ratsa, yawancin kuskuren sai ya share kansa.

Sai dai da saura, kuma a nan ne aikin ya fi ban sha'awa. Bayan karkatarwa, iska tana kuma gusar da hasken gefe, kimanin mita 3 idan abin ya ɗago digiri 45, gomman mitoci idan ya yi ƙasa sosai. Ga tauraron da haskensa ke shekaru kafin ya iso, mita 3 ba komai ba ne. Amma ga na'urar da ke shawagi kilomita 500 kacal, wannan gushi yana fitowa a awo: iska ba ta ɗaga ta kamar yadda ta ɗaga taurarin da ke bayanta, don haka sai a gan ta ɗan ƙasa da inda ya kamata ta kasance a tsakaninsu. Duk wanda ya yi mata gyara irin na taurari ya zarce ƙima. Gyaran da ya dace yana buƙatar sanin nisanta, alhali nisan ake nema. Shi ya sa ake fara ƙiyasta hanyar, a gyara awon, a sake lissafi, har amsar ta tsaya.

Masu auna girman duniya sun daɗe da sanin haka. Da aka harba PAGEOS a 1966, wata ƙatuwar balan-balan mai faɗin mita 30, an riƙa ɗaukar hotonta daga tashoshi sama da 40, har da Fort Lamy, wato Injamena ta yau, aka gano mazaunin tashoshin da kuskuren 'yan mitoci.

Yau ma'aunin ya ƙara kaifi. Kumbon Gaia na Turai, wanda aka harba a 2013, ya tantance mazaunin taurari sama da biliyan 1, har kuskuren da ake kau da kai a kansa a da ya fito fili. Tashoshi suna auna zafi da nauyin iska da laima a lokacin ɗaukar hoto, domin iska mai sanyi ta fi lanƙwasa haske. Launi ma yana da tasiri: shuɗi ya fi ja karkata. Da yawa suna zubar da duk awon da aka yi kusa da gindin sama.

Wahalar ba ta banza ba ce. Ran 10 ga Fabrairu 2009, tauraron Iridium 33 na Amurka da mataccen tauraron Kosmos 2251 na Rasha suka yi karo kimanin kilomita 790 a saman Sibiriya, suka tarwatse zuwa gutsattsari sama da 2,000 da ake iya bin sawunsu. Mataccen tauraro da tarkace ba sa aiko da saƙon inda suke. Sai rada ko kyamara ta gano su, kuma da wannan awon ne mai kula da tauraro mai rai zai yanke shawarar ƙona ɗan man da ya rage masa don ya kauce.