Yaro ya tsallake iyaka, takardarsa ta maƙale

Mutumin Dauran ta Zamfara bai taɓa lissafa Maraɗi cikin ƙasashen waje ba. In ya bi ta Zurmi zuwa Jibiya, ya ratsa Ɗan Isa, sai ya tarar da mutanen da suke Hausa ɗaya, wasu ma da auratayya a tsakani. Fatake sun daɗe suna wannan kai da kawo da hatsi da dabbobi. Amma tun wajen 2019 matafiyan suka canza. Dubban iyalai daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka guje wa 'yan bindiga suka sauka a ƙauyukan Gidan Rumji, daga baya hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta mayar da wasunsu Garin Kaka da Cadakori, nesa da bakin iyaka. Yaran da suka tsallaka suna 'yan firamare yau sun zama samari da 'yan mata, maganar gaba da sakandare kuwa ta taso.

A nan ne iyakar take nuna kanta. A kasuwa Hausa ake yi, a masallaci ma haka, amma a aji Faransanci ne. Gwamnatin sojan Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, sai dai hanyar jami'a ta jarrabawar BEPC da BAC take bi, kuma wanda ya ci, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke Maraɗi ce mafi kusa da shi. Uban da zuciyarsa take gida, wanda yake son ɗansa ya shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙauran Namoda, wadda take nan tun 1983, ko Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, wata ƙofa daban zai ƙwanƙwasa.

Ƙofar ita ce JAMB, kuma tana da nata sharuɗɗan. Tun 2021 ba a rajista sai da lambar NIN. Yaro zai tura lambar ta saƙon waya zuwa 55019, a aiko masa da wata lambar, sannan ya je cibiyar da aka amince da ita a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Ranar jarrabawa zai zauna gaban kwamfuta awa biyu, darussa huɗu, maki 400, Turanci dole. Bayan haka sai ya kawo kiredit biyar na WAEC ko NECO, har da Turanci da Lissafi. To yaron da aka ƙone garinsu, takardar haihuwa da ta firamare suka bi wuta, ya shekara biyar ko shida yana koyon lissafi da Faransanci, ta ina zai fara? Ko wanda ya zauna gida bai sha da daɗi ba: a 2021 an rufe makarantun Zamfara, an katse layukan waya na tsawon makonni.

Masu ɗan hali sukan zaɓi jami'o'i masu zaman kansu da ke koyarwa da Turanci a maƙwabta, irin Jami'ar Maryam Abacha da Adamu Abubakar Gwarzo ya kafa a Maraɗi a 2013. Ita ma wannan hanya tana da shinge, domin digirin waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance shi kafin a tafi bautar ƙasa. A Janairun 2024 ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo, bayan ɗan jarida Umar Audu ya fallasa yadda ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida. Masu sayen takarda ne suka yi laifi, amma waɗanda suka zauna aji suka yi karatun gaskiya su ma abin ya shafe su.

Sudan ta fi ban tausayi. Hausawa suna can tun zamanin mahajjatan ƙasa da hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, garin Mai Wurno shaida ne. Jami'ar Afirka ta Khartum ta yaye 'yan Arewa masu yawa, har yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Ɗaliban Najeriya an kwaso su a motoci zuwa iyakar Masar, aka sa su a jirgi, JAMB ta fito da tsarin shigar da su jami'o'in gida. Bahaushen Sudan, wanda can aka haifi kakansa, ba jirgin da ya zo ɗaukarsa. Su kuwa ɗaliban da gwamnatin Zamfara ta tura arewacin Cyprus, a 2024 koke suke ta yi kan bashin kuɗin makaranta.

Dattijon da ya ce "boko me ya tsinana wa 'ya'yan wane?" ba shirme yake yi ba. Yana ganin masu digiri suna kabu-kabu a Gusau, alhali ɗan ci-ranin da ya tafi Legas ko Agadas yana aiko kuɗin cefane. Sai dai ni ban yarda da shi ba. Malamin asibiti ko na makaranta daga wata jiha ba zai karɓi aiki a Dauran ko Shinkafi a wannan hali ba. In ba 'ya'yan wurin ne suka yi karatun ba, ba mai zuwa.

Gwamnan Zamfara Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2023. Ya kamata dokar ta kai ga 'ya'yan jihar da ke zaune a Maraɗi: a ƙirga su, a yi musu NIN, a buɗe musu ajin share fage na Turanci a Ƙaura, a biya musu WAEC da JAMB kamar sauran.