Idan Makiyayi Ya Cuci Tumakinsa

John Smyth lauya ne da ake girmamawa a Ingila, yana kuma jagorantar sansanonin bishara na samari. A ɓoye kuwa yana yi wa yaran dukan kawo wuƙa da sunan horon ruhaniya. Tun 1982 wasu limaman Angilikan suka sami rahoto a rubuce game da shi, amma suka rufe maganar don kada aikin bishara ya ɓaci. A 1984 ya koma Zimbabwe, ya ci gaba da cutar da wasu yara. Ya mutu a 2018 ba tare da ya fuskanci shari'a a Ingila ba. Da rahoton Makin ya fito a Nuwamba 2024, Akbishop Justin Welby ya sanar da murabus.

Me ya sa ake yin shiru?

Akan ji tsoron abin da maƙwabta za su ce. Akan kuma fake da Zabura 105:15, wai ba a taɓa shafaffe, alhali ayar tana magana ne a kan kakannin Isra'ila lokacin da suke baƙi a ƙasashen wasu. Dauda shafaffe ne, duk da haka Natan ya tsauta masa ido da ido (2 Sama'ila 12). Eli ya san abin da 'ya'yansa ke yi da matan da ke hidima, ya tsaya ga faɗan baki, hukunci ya faɗa wa gidansa (1 Sama'ila 2–3).

Me ya kamata dattawa su yi?

Ikilisiyoyinmu na Samaru cike suke da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ke nesa da iyayensu. A Sabon Gari akwai 'yan koyon sana'a da 'yan aikin gida. Irin waɗannan kan ɗauki fasto tamkar uba, shi ya sa bakinsu ke nauyi.

1. A saurari mai ƙara a asirce, kada a tilasta masa fuskantar wanda yake tuhuma.
2. A dakatar da shugaban, a ba waɗanda ba sa ƙarƙashinsa binciken. Shaidun da 1 Timoti 5:19 ta ambata dalili ne na yin bincike sosai.
3. Fyaɗe laifi ne a dokar Jihar Kaduna, wadda ta tsananta hukuncinsa a 2020. A kai rahoto ga 'yan sanda, a kai wanda aka cuta asibiti da wuri.
4. Kada a sauya wa mai laifi wurin aiki a asirce. Yaran Zimbabwe ne suka biya bashin wannan kuskure.

Allah yana gafarta wa mai tuba, amma mayar da mutum bagade wata magana ce dabam. Kada kuma a matsa wa wanda aka cuta ya yafe tun ba a faɗi gaskiya ba.

Don tattaunawa: Idan yarinya ta kawo ƙarar faston da ya yi maka baftisma, wa za ka fara sanarwa, kuma me ya sa?